Likitan Da Ya Amsa Cigiya

Rana na shirin faɗuwa, jirgi ya daidaita a sama. Kyaftin ya karɓi kofin shayi daga hannun mataimakinsa ke nan, wayar cikin jirgi ta yi ƙara. Shugabar ma'aikata ce.

"Yallaɓai, wani dattijo ya yanke jiki ya faɗi. Numfashinsa sama-sama."

Aikin matuƙi a irin wannan hali sananne ne: ba ya barin kujerarsa, ba ya buɗe ƙofa. Ya ce a yi cigiyar likita cikin fasinjoji, shi kuma ya kira likitan kamfani da ke ƙasa ta rediyo. Likitan ya ji bayani, ya ce a sauka a filin jirgi mafi kusa.

Wayar ta sake ƙara. Yanzu raɗa shugabar take yi.

"An samu likita. Na nemi katin shaidarsa, dariya ya yi mini. Yana danna ƙirjin baba, ina jin haƙarƙari na karyewa kamar ƙirare. Na ce ya isa, ya maka ni da bango. Yallaɓai, hannunsa garwashi ne."

"Daga wace kujera ya taso?"

"Ba wanda ya ga tasowarsa."

Kyaftin ya karkata akalar jirgi. Nan take aka buga ƙofa. Warin ƙonannen gashi ya shigo ta ƙasanta.

"Direba," in ji wata murya a hankali, "kada ka sauka. Akwai alkawari tsakanina da tsohon nan, a sama zan karɓe shi. In ya taɓa ƙasa ya kuɓuce mini. Buɗe mu yi magana."

Kyaftin ya dubi allon kyamarar ƙofa. Babu kowa. Amma ƙarfen na lotsawa ciki.

Mataimaki ya miƙa hannu wajen maɓallin buɗe ƙofa. Idanunsa a kafe, yawu na dalala.

"Ɗan'uwa, janye hannunka."

Bai janye ba.

Kyaftin ya fizgo tukunyar kashe gobara ya sauke masa a yatsu. Ƙashi ya ce ƙas! Jini ya fantsama a allo. Mataimaki ya kurma ihu, ya dawo hayyacinsa yana salati.

Dukan ƙofa ya ƙaru. Ƙusoshi suna tsalle.

Kyaftin bai waiwaya ba. Fitilun fili kawai yake kallo.

Taya ta taɓa ƙasa.

Tsit.

An fitar da dattijon da ransa, ƙirji a farfashe. Likita kuwa, ko ƙyallinsa. Kamfani ya cire ƙofar a ɓoye, ya dakatar da kyaftin wai don ya daki abokin aiki. Mataimakin da kansa ya je ba da shaida da hannu a ɗaure, aka ƙi sauraronsa.

Wannan zalunci ne tsagwaronsa. A mayar da bawan Allah bakin aikinsa. Mai musu kuma, a fito masa da tsohuwar ƙofar, ya ɗora tafinsa a kan shatin hannun da ke jikinta, ya gaya mana ko na ɗan Adam ne.