Zaren da Aka Warware

Barkono ta ɗaga almakashi a kan rigar sanyin da take saƙawa.

"Ajiye shi, masoyiyata," in ji Dogo daga bakin ƙofar shagon.

"Na gaji! Wallahi na gaji..."

Ba a banza ake ce mata Barkono ba. Sau biyu tana ce wa Dogo su rabu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sau biyu yana dawowa. Mahaifiyarsa kuwa, Mama, mai wannan shagon koyar da saƙa, ta ce ba za ta sa wa aurensu albarka ba. Wai yarinyar da in zare ya harɗe mata almakashi take nema, haka za ta yi wa aure.

Shi ya sa Barkono, wadda ke wuni a tsaye a kantin magani, take jan ƙafa zuwa nan kullum da yamma, tana saƙa wa Dogo riga don Mama ta ga haƙurinta. Ga shi Allah ya hore masa dogayen hannuwa, kullum saƙa take amma ba ta ƙarewa. Ƙarshen wata za a mayar da shi aiki nesa, kuma ya gaya mata gaskiya: in bai tafi da yardar uwarsa ba, ba zai ci gaba da riƙe ta ba.

Yau, tana gab da gamawa, ta ga idon saƙa ɗaya ya zame tun can ƙasa, ya bar rami a daidai ƙirji.

'Yar ƙanwar Mama, wadda ta daɗe tana yi wa Dogo kallon nata, ta matso da murmushi.

"Haba, abu kaɗan? Ɗora masa aljihu a kai. Mama ta fita, wa zai sani?"

Barkono ta dube ta. Tun yaushe wannan ta fara ƙaunarta haka? Ai aljihun na hawa, labari zai riga Mama zama.

Amma ba wannan ya tsayar da ita ba. Ramin ta ƙura wa ido, sai ta tuna ranar. Ranar da ta kashe wa Dogo waya yana cikin magana, ta zauna tana fizgar zare da haushi. Layukan wurin duk sun ɗame sun yi tauri.

Kunya ta kama ta.

"Ranar nan ce," ta ce a hankali. "Ranar da na yi maka rashin mutunci."

"Ai ya wuce, zuciyata."

"Bai wuce ba. Ga shi nan a ƙirjinka."

Ta ajiye almakashi, ta zare kibiyoyin saƙar, ta ja bakin zaren. Aikin makonni ya fara warwarewa, hawaye na zubo mata.

Dogo ya jawo kujera, ya miƙa mata hannuwansa biyu.

"Naɗa a nan. Yau dai tsawonsu ya yi amfani."

Dariya ta ƙwace mata cikin kuka.

Haka Mama ta dawo ta same su, ɗanta zaune da zare a hannu, rigar kuma ta koma rabi. Ta ɗauki zaren ta murza. Ulun da aka warware ba ya ɓoyuwa, a lanƙwashe yake fitowa.

"Wa ya ce ki warware?"

"Ba kowa, Mama."

"Kin san ba za ki gama kafin ya tafi ba?"

"Na sani." Ta share hawayenta. "Amma ba zan ba shi abin da na rufe ɓarna a ciki ba."

'Yar ƙanwar Mama ta tuna tana da aiki a ciki.

Mama ta dubi Barkono. Sannan ta sa almakashin a aljihun tebur, ta ɗauko wasu kibiyoyin, ta zauna kusa da ita da nishin gajiya.

"Ke ki yi gaba, ni in kama hannuwan," ta ce. "Ni na haife shi, na san wahalarsu. Matso nan, 'yata."