Lambar da ke Bakin Mayafi

Wayyo maraici! Kwana goma sha tara ke nan Auta tana rakuɓe a lungun ɗakin mata na gidan yari, hannuwanta na rawa kamar mazari, tana amsa kiran mahaifiyarta da ta shekara uku a ƙasa. "Na'am Mama... ga ni nan zuwa!" Sai matan ɗakin su kwashe da dariya, gandiroba ta doki ƙofa ta ce, "Ke 'yar ƙwaya, rufe mana baki!" Alhali baiwar Allah ko warin sigari ba ta so. Ciwon ƙwaƙwalwa ne ya kama ta tun rasuwar uwar, likita ya ɗora ta a kan magani kowace safiya, da shi take wuni lafiya lau a kan keken ɗinkinta. Tun da aka kulle ta kuwa ba ta ƙara samun maganin ba. Ɗan kawunta ne, wanda suka tashi gida ɗaya, ya cusa ledar kayan mayensa a akwatin zarenta ranar da 'yan sanda suka zo. Kawu kuwa ya rantse ya maya cewa ɗansa salihi ne, ko yatsa aka sa masa a baki ba zai ciza ba.

Rana ta ashirin wata nas mai furfura, da kowa ke ce wa Sista, ta durƙusa gabanta ta kama hannuwan nan masu rawa. "'Yata, yanzu gwamnati ta sa fursunoni cikin tsarin kula da lafiya, har masu ciwo irin naki da masu shaye-shaye. Sai dai likita ba ya rubuta irin wannan magani da ka, sai ya ga katinki na asibiti."

Aka aika wa Kawu. Ya zo ranar ziyara yana huci, ko zama bai yi ba. "Kati? Na jefa shi wuta! Babu mahaukaci a zuriyarmu, iskanci ne kawai!" Ya kaɗa riga ya fice. Auta ta zube ƙasa tana wani kuka mai tsuma zuciya, "Ya Allah, ba ni da kowa sai Kai... kar Ka bari hankalina ya tafi!" Sista ma hawayen take. Ta jawo bakin mayafin yarinyar za ta share mata fuska, sai yatsanta ya ji wani tudu. Ta juya bakin mayafin... lambobi bakwai ne da jan zare, ɗinki tsaf!

"Wannan fa, 'yata?"

"Lambar katina ce, Sista. Idan kaina ya juye nakan manta har hanyar gida, shi ne na ɗinke ta."

Allahu Akbar! Kafin la'asar an zaro fayil ɗinta a asibiti, gwaji ya nuna babu ɗigon kayan maye a jikinta. Aka mayar da ita kan maganinta, cikin sati biyu rawar hannu ta tsaya, har ta koma tana yi wa matan da suka yi mata dariya gyaran riguna. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne: aka kama ɗan kawun da irin ledar nan sak, aka kawo shi ɓangaren maza yana makyarkyata yana zufa, da bakinsa ya tona komai. Kotu ta wanke Auta tas.

Ranar da za ta fita, ta tarar da Kawu a bakin ƙofa ya rame ya lalace, yana roƙon Sista a taimaki ɗansa. Da ya gan ta ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa. "Auta... ki yafe mini."

Ta gyara mayafinta ta ce a hankali, "Na yafe, Kawu. Ɗanka ciwo ne da shi, shi ma za su duba shi. Idan sun ba ka katinsa, don Allah kar ka ƙona."