Ƙwallon Dabino Mai Lamba Uku

Ranar Alhamis da hantsi aka bugo waya ofishin 'yan sanda. Wai wata budurwa ta faɗo daga bishiyar dabino a wata gona da ke unguwar Awali, a birnin Manzon Allah, rai ya yi halinsa.

Sufeto Tahir ya isa kafin azahar. Gona ce mai doguwar katanga, mallakar wata dattijuwa, Hajiya Ƙaltume. Mata biyar sun yi jugum cikin abaya, ga gawar a kan tabarma, an lulluɓe ta. Sunanta Sundus, shekararta ashirin da ɗaya.

Da ya ji suna ƙus-ƙus da Hausa, sai ya ajiye Larabci ya ɗauko harshen kakarsa.

"Inna, me ta hau yi?"

"Dabino ta hau tsinkowa, ya waladi, ɗana," in ji Hajiya Ƙaltume.

Tahir ya ɗaga kai. Tsakiyar sanyi ake, bishiyoyin ko huda ba su fara ba.

"A wannan watan, Inna?"

Ya dubi ƙafar da ta leƙo daga mayafi. Takalmin kambas ne, an ɗaure igiyarsa tamau. Bai taɓa ganin wanda ya hau dabino da takalmi ba.

Ya shiga zagaya gonar shi kaɗai. An share ƙasa da reshen dabino, amma sharar ba ta bazu ba, ta bi hanya guda ce wadda ta kewaye gonar ta dawo inda ta faro. A kwanar tafkin siminti da ake tara ruwan ban-ruwa, an wanke bango, bai ma bushe ba. Gefe kaɗan, inda tsintsiya ta tsallake, ga sawun siririyar taya.

A ɗakin injin ruwa ya yaye buhuna, sai ga kekuna shida. Ɗaya ba tayar gaba. Kusa da su akwai kwano da ƙwallayen dabino, kowanne an rubuta masa lamba da jan farce.

Hajiya Ƙaltume ta tsaya a bakin ƙofa, kafaɗunta sun zube.

"Shekara uku muna yin tseren keke," ta ce. "Duk Alhamis ɗin farkon wata. Zagaye ashirin, wadda ta riga ta ci. A waje ina za su hau? Kai ma ka sani. Nan ne kawai nake jin dariyar yaran nan har cikin raina. Da ta faɗi, tsoron bakin mutane ya kama mu. Wallahi ƙaryata ce, ni na shirya ta."

Tahir ya tsuguna gaban keken da ba tayar gaba. Ƙarfen bai karye ba. Ya koma kwanar tafkin ya tona ƙasa da yatsa har ya tsinci notin tayar. Lafiya lau yake, babu inda ya ci. Noti irin wannan ba ya fita sai an kwance shi. Kacar kuwa tana sheƙi da sabon giris mai launin shuɗi.

"Keken wace ce?"

Wata mata mai jajayen idanu ta yi saurin amsawa. "Na Sundus ne."

"Sunanki?"

"Radiyya. Matar yayanta ce ni."

Ya juyo mata da kan keken. An zana suna a jikin ƙarfen da tsinin ƙusa, har da ɗan fure a gefe. Radiyya.

Ta durƙushe, hannunta ɗaya a kan cikinta.

"Nawa ne. Mijina Sharfuddeen ya haɗa mini shi, gyaran keke yake yi. Ya fi na kowa gudu, kullum ni ke ci. Shi ya sa bara muka kafa doka: ba mai hawan nata, sai wanda ƙuri'a ta ba ka. Sundus ta zaro uku. Har rawa ta yi, tana cewa yau sai ta ga bayana."

"Mijinki ya san da dokar?"

"Namiji ba ya shigowa nan. Ban taɓa gaya masa ba. Na ji kunyar ya san ba kyautarsa nake hawa ba."

"To me ya sa kika ce na Sundus ne?"

Ta rufe fuska. Tahir bai sake tambaya ba. Ya gane tun ɗazu ta san wanda ya taɓa keken na ƙarshe.

Shagon mijin yana unguwar Harra ta Yamma, tsakanin mai burodi da mai wanki. Tahir ya tarar da Sharfuddeen na ƙoƙarin sa kwaɗo.

"Yanzu aka ce mini ƙanwata ta faɗo daga dabino. Bari in tafi, ya Sufeto."

"Yaushe rabonka da keken matarka?"

"Ya fi wata."

Tahir ya tura ƙofa. A kan benci ga gwangwanin giris a buɗe, shuɗi, da sawun yatsa a ciki. Ya ajiye notin kusa da shi, sannan ya ajiye ƙwallon dabino mai lamba uku da ya ɗauko daga gonar.

"Wannan na sani," in ji Sharfuddeen da ƙyar. "Wancan fa?"

"Ƙuri'a ce. Da ita suke raba kekuna. Sundus ba daga dabino ta faɗo ba."

Sharfuddeen ya dubi notin, ya dubi ƙwallon, ya sake duban notin. Ya zauna a ƙasa.

"Shekara shida muna roƙon Allah haihuwa," ya ce. "Yanzu Radiyya cikin wata uku gare ta. Na roƙe ta ta daina tseren, ta ce wannan ne na ƙarshe. Ni kuma ranar aurenmu na yi mata rantsuwa ba zan taɓa hana ta keke ba. Jiya da ta kawo shi shago in sa masa giris, na sassauta notin. Na ce tana hawa za ta ji taya na rawa, ta sauka, halas, shi ke nan. Radiyya ta san keke, da ta ji. Amma Sundus..." Ya sake duban ƙwallon. "Sundus in tana gudu ba ta jin komai. Ni na koya mata, a tsakar gidanmu, ina riƙe da sirdi."

Ya miƙa hannuwansa da kansa. Tahir ya daɗe yana kallon ankwar kafin ya ɗaura.

A mota suka bi ta gefen katangar maƙabartar Baƙi'a, inda za a kai Sundus bayan sallar la'asar. Sharfuddeen ya jingina goshi da gilashi.

"Ya Sufeto, zagaye nawa ta yi?"

Tahir ya riga ya tambayi Hajiya Ƙaltume, don rahoto.

"Goma sha tara," ya ce. "Ita ce a gaba."