Kafintan da Ba Ya Ƙarya

"Yaushe ya daina shan maganinsa?"

Ni likitar take tambaya, ni kuma ina kallon garin katakon da ya maƙale a gashin saurayina, Kafinta. A shagonsa ya yanke jiki ya faɗi dafe da ƙirji, maƙwabta suka kwaso shi zuwa asibiti.

"Bai daina ba," na ce.

"Ya daina, ƙanwata. Mai hawan jini irin nasa, ga shi ya gada daga mahaifi, ba ya ajiye magani don ya ji sauƙi. Zuciyar ta wahala sosai."

Ban ji komai ba. Ko hawaye bai zo ba.

Tun ranar da ya ce yana sona ya faɗa min ciwonsa, don Kafinta ba ya ƙarya ko da wasa. In katako ba shi da kyau sai ya gaya wa mai saye, ya kori cinikinsa da bakinsa. Ni na raba shi da gishiri, na sa shi tafiyar ƙafa kullum, yana mita wai na mai da shi tsoho tun kafin aure.

Ɗan kawuna, mai kemis a layinmu, wanda na ƙi tun tuni, shi ya kai wa Baba gulma. Wai saurayina da ƙwayoyi yake rayuwa.

Baba ya ce ba zai aurar da 'yarsa ta dawo masa bazawara da ƙuruciyarta ba.

"Ya zo ya dube ni ido da ido, ya ce ba ya shan magani!"

Sai da aka ɗau lokaci kafin Kafinta ya zo. Ya faɗa, Baba ya amince. Ni kuwa har daɗi na ji, wai yau ga shi ya yi ƙarya saboda ni.

Yanzu ga shi kwance, an jona masa wayoyin wata na'ura a ƙirji. Ya buɗe ido da ƙyar.

"Gimbiyata..."

"Me ya sa?"

"Ba zan iya yi wa mahaifinki ƙarya ba... sai na daina sha, don maganar ta zama gaskiya."

"Da ka faɗa min!"

"Da kin hana ni." Ya ɗan yi murmushi. "Wallahi garau nake ji. Na ce in an yi auren sai in koma."

"Kai dai wawa ne, masoyina."

"Naki ne dai..."

Na'urar ta canza kuka. Wata nas ta kama kafaɗata ta fitar da ni.

Na zauna a benci. Wata mata tana goge ƙasa, ta ce in ɗaga ƙafa, na ɗaga. Na bi tsumman da ido har ƙarshen baranda.

Da likitar ta fito, ba ta yi sauri ba. Ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna, ta ce in yi haƙuri. Na ce to. Har godiya na yi mata.

Can sai ga Baba yana haki, hularsa a hannu.

"'Yata, me ya same shi? Yaro lafiyayye! Ai da bakinsa ya ce min ba ya shan komai!"

Na ɗago na dube shi.

"Gaskiya ya faɗa maka, Baba."