Ukulele Mai Tabon Ƙusa

"Kehau! Kada ki kuskura ki rataya min wannan abin a bango!"

Ina tsaye kan tsani, ukulele a hannuna, 'yar garayar nan mai tsirkiya huɗu, na ƙi saukowa.

"Papa, kai da bakinka ka ce bana ni zan zaɓi kayan shago."

"Cewa na yi ki zaɓa, ban ce ki kwaso min shara ba!"

Shagonmu na sayar da ukulele a garin Hilo ɗan mitsitsi ne, amma tun zamanin kakana ba a taɓa rataye ukulele a cikinsa ba sai ta itacen koa mai tsada. Wannan kuwa ta mangwaro ce, aikin hannun Nainoa, wanda Papa ya rantse ba zai ba shi aurena ba. Wai me ya mallaka ban da zarto da rumfar kwano?

Derik Souza, dillalin da ke kawo mana kaya, yana jingine da kanta. Kullum sai ya zo wa Papa da kwalin malasada mai zafi, wani irin fanke mai sukari, duk don ni, ni kuwa ko ƙamshin ba na so.

"Kawu, ka ga bayanta kuwa?" in ji shi. "Tabo baƙi ƙirin! Itacen bakin hanya yake tsinta fa."

"Kai kuma wa ya sako bakinka?" na ce. "Papa, iyaye na shigowa nema wa yaransu, su shafa ta koa, su ajiye, su fita. Wannan za su iya saye, kuma muryarta ta fi ta rabin bangon nan!"

"To zaɓi. Ko ita, ko shagon."

Sai ga Nainoa a bakin ƙofa, ruwan sama ya jiƙa shi sharkaf. Ashe ya ji komai.

"Miƙo min abata, masoyiyata," ya ce a hankali. "Ba zan raba ki da mahaifinki ba..."

"Tsaya inda kake!"

Na sauko na miƙa wa Papa ita. Na san halinsa sarai: bai taɓa mayar da ukulele ba sai ya kife ta ya ƙwanƙwasa bayanta, haka mahaifinsa ya koya masa.

"Ka yi mata yadda kake wa kowace. In ka ce shara ce, ni da kaina zan jefar."

Ya yi tsaki, ya kife ta. Ya ɗaga yatsa zai ƙwanƙwasa, sai yatsan ya tsaya.

Tabon dogo ne, da ɗan rami a tsakiya.

"Ina ka samo itacen nan?"

"Bayan gidanku, Kawu. Bishiyar da guguwa ta kayar shekarar da Anti, matarka, ta rasu. Ka ce a kwashe ta, ba ka son ganinta. Ni na kwashe... na kasa zubarwa. Na ajiye har ta bushe."

"Tabon fa? Me ya hana ka yanke shi?"

"Wurin ƙusar Anti ne, Kawu."

Wayyo Allah! Na rantse ban sani ba. Ni muryarta kawai na ji na zaɓa. Mama ce ta kafa wannan ƙusa a jikin mangwaron, nan take rataye ukulelenta in za ta duba tukunya.

Papa ya zauna. Ya gyara tsirkiya ɗaya, ya kaɗa. Sautin ya cika ɗan shagon nan, mai taushi, mai ɗumi, har na daina jin ruwan da ke dukan kwano. Tun rasuwar Mama ban ga ya kaɗa fiye da na gwaji ba, ranar sai da ya kai ƙarshen waƙar da take so, hawaye na bin gemunsa.

"Amma Kawu, masu saye fa..." Derik ya fara.

"Ɗauki malasadarka, Derik. Ta huce."

Papa ya hau tsanin da kansa, ya sauke ta koa da ke can sama, ya rataya ta mangwaro a wurinta.

"Wannan ba ta sayarwa ba ce. Ka kawo wasu na sayarwa." Ya share fuska, bai kalli Nainoa ba. "Ranar Lahadi kuma ka zo min da iyayenka. Ka sa riga mai maɓalli, don Allah."

"Papa!"

Na rungume shi, na juya na rungume Nainoa da jiƙarsa duka.

"Ka ɓoye min!" na ce.

"So nake ki zaɓe ta da kunnenki, abar ƙaunata."

Yau rabin bangonmu mangwaro ne. Waccan tana nan can sama, kuma duk wanda ya nuna ta ya tambaya, Papa yakan ɗaga kai ya ce, "Aikin surukina ne. 'Yata ce ta zaɓa."