Jakar da Rumaisa Ta Goya

Ranar da Bushra ta fara ganin Muhsinu, wallahi ta ɗauka mahaukaci ne.

Tana bakin kogin Komadugu tana shanya tattasan mahaifinta, sai ga wani dogon saurayi ya wuce da ƙatuwar jaka goye a baya, gumi na ta zuba. Ya kai ƙarshen gona ya juyo. Ya sake wucewa. A karo na uku ta kasa haƙuri.

"Malam, ɓata ka yi ne?"

"A'a, jiki nake horarwa."

"Me ke cikin jakar?"

"Yashi."

Dariya ta kusa kayar da ita cikin tattasai. "Yashi? A Diffa? Ajiye, bawan Allah, duk inda ka nufa akwai shi."

Ya ajiye ɗin kuwa, kuma bai sake ɗauka ba sai da aka kira la'asar. Ya gaya mata shi malamin gona ne, kuma shi da abokansa sun shirya in sanyi ya shigo za su je Azbin su hau dutsen Bagzam da ƙafa, kwana goma sha biyu, kowa da kayansa a baya. Mutumin da bai taɓa ganin tudun da ya fi tarin buhunan tattasai ba!

Daga ranar ta sa masa suna Mai Yashi, shi kuma yake kiranta Ƴar Tattasai. Kafin wata uku, in ya yini bai turo saƙo ba, abinci ba ya shigar mata.

Sai dai Ba Maina, mahaifinta, da ya ji labarin tafiyar, fuskarsa ta haɗe.

"Shekarar da aka yi gudun hijira," ya ce mata, "na goya tsohuwata a bayan nan nawa daga Barwa har Asaga, kwana huɗu a ƙasa. Ke kina amalanke da uwarki, ba ki sani ba. Mu mun ɗauki kaya don wuya, shi yana ɗauka don nishaɗi. Wanda ya mai da wahala abin wasa, shi zan ba ƴata? Ga Bukar ɗan ƙanena, ga gonarsa, ga injin ban ruwansa."

Ta yi kuka, mahaifiyarta Ya Kaltumi ta sa baki, da ƙyar ya ce to, zai jira yaron ya dawo ya gan shi ido da ido. In bai gamsu ba, Bukar za a ba.

Ana gobe tafiya, Bushra ta karɓi jakar ta ɗinka mata hoton tattasai da jan zare a kan murfi. Ta cusa masa kwalbar yajin da ta daka da hannunta.

"Jakar nan tawa ce," ta ce. "Aro na ba ka."

"To mai jakar fa?"

Ta rufe fuska da mayafi ta shige gida.

A kan dutse rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sai an hau wani tsauni, don haka saƙonsa sai bayan kwana biyu ko uku.

"Ƴar Tattasai, mun fara hawa. Muna tashi da sallar asuba, mu sha shayi, mu ɗau hanya kafin rana ta yi zafi. Jagoranmu Hafiz yana gasa gurasa a cikin toka da yashi mai zafi. Ashe yashi na da amfani, ki daina yi mini dariya. Ni ne kullum a gaba."

Ta karanta sau bakwai. Ta amsa: "Mai Yashina, Allah ya ƙara ƙarfi. Ka ci yajina ka tuna da ni."

Kwana uku sai ga wani:

"Yau mun ga ruwa na fitowa daga cikin dutse, sanyinsa har haƙori. A sama akwai lambuna, ga lemu, ga rumman, ga tafarnuwa. Da safe sanyi ya sa yatsu ba sa lanƙwasuwa. Jakuna ne ke ɗauke da ruwanmu. Ni dai ko gajiya ban yi ba."

Tare da saƙon ya turo hoton ayarinsu, su tara a bakin wani kwazazzabo. Bushra ta nemi fuskarsa ta samu, ta yi murmushi. Sai ta lura bayansa ba komai.

Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton. Can gefe ga wata farar yarinya siririya da shuɗin mayafi, jaka ɗaya a ƙirji, ɗaya a baya. A kan murfin ta bayan kuwa, jan tattasai ne ɓaro-ɓaro, ɗinkin hannunta.

Kishi ya taso mata har ta ji ɗaci a bakinta.

Ta rubuta masa: "Wace ce mai shuɗin mayafi?"

Kwana biyu tana jiran amsa, kwana biyun da ta ƙona miya sau biyu, ta zuba wa awaki tattasai a maimakon dusa.

"Rumaisa ce, ƴar garin Tabelot. Mutuniyar kirki ce sosai."

Sosai! Ita kalmar nan ta fi ƙona mata rai. Ta koma hotunan da abokansa ke sakawa a waya, ta bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ga Rumaisa a kan tsauni da jakar. Ga Rumaisa a bakin ruwa da jakar. Ga Rumaisa zaune tana barbaɗa wa gurasarta yaji daga kwalbar da Bushra ta sani sarai.

"Har yajina!" ta ce da ƙarfi, ita kaɗai a ɗaki.

Ya Kaltumi ta leƙo. "Ke da wa?"

"Ya, mace za ta goya kayan namiji kwana da kwanaki haka kawai, ba komai tsakaninsu?"

Uwar ta duba hoton, ta taɓe baki. "Ni dai ban taɓa gani ba."

Shi ke nan, an ƙara wa wuta mai. Bushra ta rubuta: "Na ga wadda ka ba jakata. Ka bar mata har da kai. Zan gaya wa Baba na amince da Bukar."

Ta kashe wayar ta tura ƙarƙashin katifa. Amma ba ta gaya wa Baban ba. Kullum sai ta je bakin rumfarsa, ta buɗe baki, ta ƙare da tambayarsa ko a kawo masa ruwa.

Ran nan da hantsi Ba Maina na zaune a rumfa yana ware tattasai, aka yi sallama. Bushra ta leƙa ta ɓular zana. Muhsinu ne, ya rame ya yi baƙi, yana takawa a hankali da silifa kamar mai tafiya a kan ƙaya. Jakar na rataye a hannunsa. Ya durƙusa ya gaida tsohon.

"Baba, na zo in faɗi wata magana a gabanka, don na san tana ji."

Bushra ta ja da baya kaɗan, amma ba ta tafi ba.

"Ƙarya na yi mata. Na ce ni ne a gaba. Baba, rana ta uku ƙafafuna suka fashe, numfashina ya ƙi. Na zube a kan hanya, har kuka na yi. Rumaisa, matar jagoranmu Hafiz, ita ta ɗauki jakata a kan tata, mijinta ya ɗora ni a kan jakin ruwa. Kwana tara a kan jaki na yi. In za a ɗauki hoto ne kawai nake sauka in tsaya. Yajin ma ni na ba su, don ba ni da abin da zan gode musu da shi. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Matar jagora! Bushra ta dafe ƙirji. Daɗi da kunya suka haɗu suka rufe ta lokaci ɗaya.

Ba Maina ya dubi ƙafafun saurayin. Can ya ce, "Cire takalmin."

Muhsinu ya cire. Farce huɗu babu, dugadugai duk sun saɓule. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya ajiye tattasan da ke hannunsa.

"A hanyar Asaga," ya ce a hankali, "rana ta uku ni ma na faɗi. Haka ƙafafuna suka yi. Wata Bafilatana da ban sani ba ta kwance tsohuwata daga bayana ta goya ta, yini guda cur, ni ina binsu da rarrafe. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Kai ka fi ni, ka faɗi naka tun ƙafar ba ta warke ba." Ya share ido da hannun riga. "Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Kafin Muhsinu ya buɗe baki ya yi godiya, muryar Ya Kaltumi ta fito daga madafa.

"Wace Bafilatana ce wannan, Maina? Shekara goma ban taɓa jin labarinta ba! Yarinya ce ko tsohuwa?"

Bushra ta fashe da dariya da hawaye a fuska, ta manta ɓuya take yi.

Da yamma ta kunna waya. Saƙonsa goma sha ɗaya ke jira. Ta amsa na ƙarshe kawai: "Mai Yashi, ka yafe mini. Amma daga yau sunanka Mai Jaki."

"Na amsa, Ƴar Tattasai. Kira ni duk abin da kike so, muddin a gidana za ki kira."

Bayan an gama kwashe tattasai aka ɗaura aure a Diffa. Bukar da kansa ya yi ta jigilar baƙi a babur ɗinsa. Hafiz da Rumaisa suka zo tun daga Tabelot da kwandon rumman. Bushra ta rungume ta, ta yi mata godiya, ta cika mata kwalba uku da yaji, amma fa ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, don a fili ta fi hoton kyau.

Da aka zo kai amarya, mata na ɗaukar kaya, Rumaisa ta hango jakar a jingine da bango. Saboda sabo ta miƙa hannu za ta saɓa.

Sai ga hannu mai lalle ya fito daga ƙarƙashin lulluɓi ya riƙe igiyar gam.

"Na gode, ƴar'uwa," in ji amarya. "Kin yi naki. Daga nan ni zan ɗauka."

Haka ta shiga gidan mijinta da jakar a hannu, Ba Maina na bakin ƙofa yana sa musu albarka. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, amin.