Baitin Ƙarshe na Batulu

Ranar da Batulu ta fara ganin Jamaluddeen, waƙarta yake ɓatawa. Ta shiga ɗakin taron da ƙungiyarsu ke gwajin wasan kwaikwayo na waƙa a Kazaure, ta tarar da wani dogon saurayi ɗan Roni yana yanka mata baiti a inda bai kamata ba. Ko sallama ba ta yi ba ta gyara masa. Ya sake rerawa yana kallonta, har ta manta sauran faɗan da ta shirya.

Waƙoƙi tara ne a wasan, duk ita ta rubuta. Kamar yadda marubuta waƙa suka saba, ta sa sunanta a baitin ƙarshe na waƙar rufewa. Ba abin da take buri irin ta ji an rera sunan nan a gaban jama'a.

Kafin wata biyu soyayya ta yi nisa. Yakan rubuto mata: "Alƙalamina, tun daga Roni nake rera baitinki a kan babur. Muryata ba ta da gida sai kalmominki."

Ita kuma ta mayar: "Muryata, ka dai kalli hanya, ina buƙatarka da ƙafafunka."

Da magabatansa suka je, mahaifinta Alhaji Muhammadu Lawal, tsohon ma'aikacin masarauta, ya sallame su cikin mutunci. Mutum ne mai girmama rubutacciyar waƙa, amma a wurinsa wanda ya rubuta malami ne, mai rera ta wani kuwa maroƙi ne, kuma ba zai haɗa zuri'a da maroƙi ba. Bai san 'yarsa ce marubuciyar ba. A saninsa ɗinkin kayan wasa take taya su.

Jamal ne ya kawo dabarar, da murmushin nan nasa mai kashe jiki.

"Fosta ce kawai, Alƙalamina. A rubuta ni na yi, Abba ya gani."

"Baitin ƙarshe fa?"

"In ya zo ya ji sunanki a ciki, mun gama."

Da hannunta ta goge sunanta. Nasa ya fi tsawo, sai da ta rushe baitin ta sake gina shi, kuma abin baƙin cikin, ya fi na farko daɗi.

Fosta ta fito da hotonsa shi da Bahijja, abokiyar rerawarsa, an rubuta "Rubutawa da rerawa: Jamaluddeen". Sunan Batulu na can ƙasa cikin masu ɗinki. A hirar rediyo ya ce a kan wani dutse a Roni waƙar ta zo masa, Bahijja ta kashe murya ta ce a gabanta aka yi. Batulu ta yi kuka har idonta ya kumbura, kwana uku ba ta ɗaga wayarsa.

Saƙo ya shigo: "Bahijja ba komai ba ce. Don mu na yi ƙaryar nan. Ki bari a ɗaura, da bakina zan gaya wa duniya."

Ta yarda, don tana sonsa.

Ranar wasa, bayan la'asar, Alhaji ya zauna a sahun gaba. Da aka kai baitin ƙarshe ɗakin ya ɗauki tafi, Batulu na bayan labule da allura a hannu. A satin Alhaji ya aika wa magabatan Jamal su dawo.

Da safiyar ɗaurin aure, lalle bai gama bushe mata ba, wayarta ta yi ƙara. Ta buɗe da zumuɗi, tana zaton alkawarin ne ya zo.

"Amaryata, an gayyace mu wasa a Babura da Gwiwa. Ina son sabbin waƙoƙi uku. Ki sa sunan kamar wancan."

Da yamma aka kai ta sallama wurin mahaifinta, Jamal na durƙushe a gefe, babbar riga ta yi masa kyau. Alhaji ya yi musu nasiha, sannan ya karanto baitin ƙarshe da ka, bai kuskure ko kalma ɗaya ba. Ya dafa kafaɗar angon.

"Ki riƙe shi da kyau, Batulu, irinsu ba su da yawa. Allah ya ba ku zaman lafiya. Hannun da ya rubuta wannan, Allah ya yi masa albarka."

"Amin, Abba," in ji Jamal, kansa a ƙasa.

A cikin mayafi Batulu ta dubi hannunta na dama. Ita ma ta ce amin, amma ba wanda ya ji.